Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Ayyuka Da Na Muhalli Na Jihohin Arewa Kan Tsohuwar Taya Da Kankare

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, muna roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar jama'a da aka ɗora muku.

Ni mai buga bulo ne a Kano. Da kwanon sarki na fara, ina bin wani birkila ana biya na kuɗin yini, yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan, har Allah Ya hore mini injina da yaran aiki. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Mun zauna da wasu abokan sana'a, masu bulo da birkiloli, da masu faci biyu da muke maƙwabtaka a bakin titi, da wani dattijo mai yankan takalmin taya, muka juya maganar, suka ce tunda ni ne na ɗan leƙa makarantar koyon sana'a kuma nake da nacin karance-karance, ni zan riƙe alƙalami. Ba mu da ƙungiya mai rajista, kuma ba kwangila muke nema ba.

Abin da ya tayar da zancen shi ne yasar magudanar ruwa ta bana a unguwarmu. An yi aiki, ba mu raina ba. Sai dai cikin abin da aka tsamo daga lambatu har da tsofaffin tayoyi, na babur da na adaidaita sahu da na mota, aka jibge su a bakin hanya. Motar shara ta zo ta ɗebe laka da leda ta bar tayoyin, direban ya ce babu inda aka ce ya kai su. Bayan kwana uku, da almuru, wani ya cinna musu wuta. Muka kwana da tagogi a rufe cikin zafin bazara. Da gari ya waye bulon da na shanya ya yi baƙi ƙirin daga sama, tari kuma ya hana 'yar autata zuwa makaranta. Ban ga laifin direban ba, gaskiya ya faɗa. Babu inda aka tanada a kai tsohuwar taya.

Kukanmu na farko hayaƙi ne. Taya ba itace ba ce. A cikinta akwai danƙon bishiya, da robar da ake haɗawa daga man fetur, da baƙin garin gawayi na masana'anta, da farar wuta, da sinadarin tutiya, sannan ga wayar ƙarfe da zare. In ta kama da wuta a fili, abin da ke tashi ya haɗa da sinadaran da likitoci suka daɗe da danganta su da ciwon huhu da ciwon daji, abin da ya rage a ƙasa kuma baƙin mai ne da toka, ruwan sama ya wanke su zuwa rijiyoyi. Duk wanda ya taɓa bi ta bayan mayanka da sassafe ya ga yadda ake babbakar kai da ƙafa da ganda a kan wutar taya, kuma wannan naman cikin tukunyarmu yake ƙarewa. Wasu 'yan gwangwan ma ƙona tayar suke yi don su tsame wayar cikinta su auna a kilo. Doka dai akwai ta. An kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a 2007, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idojin da suka shafi ƙone-ƙone a fili. To amma mai babbaka zai ce maka itace ya yi tsada, gas ya fi ƙarfinsa, taya kuwa kusan kyauta ce. Muddin tsohuwar taya ba ta da mai saye, wuta ce za ta ci gaba da cin ta, ko sau nawa aka kafa allon gargaɗi.

Na biyu ruwa ne. Taya ɗaya in ta gitta a bakin kwalbati, leda da robar ruwa su taru a bayanta, kafin a ankara ruwa ya koma cikin gidaje. Wadda ba ta shiga lambatu ba kuma, duk yadda ka ajiye ta sai ta riƙe ruwa a cikinta, a inuwa, da ɗumi, daidai yadda sauro ke so. Akwai wani sauro mai zanen fari da baƙi, ɗan asalin Asiya, dangin wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin denge. Cikin tsofaffin tayoyi ya ƙetara teku. An gan shi a birnin Hustan na Amurka a 1985, a 1991 kuma aka gano shi a Jihar Delta. Muna raba gidan sauro a asibitoci, muna kuma bar wa sauro ɗakin haihuwa a bayan kowace rumfar faci.

Na uku, tulin ƙaruwa yake yi. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, tayar da muke hawa galibi daga waje take zuwa. Tayar gwanjo tana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, amma kowa ya san tana kasuwa, kuma ita talaka ke iya saye. Tayar da ta riga ta cinye rabin ranta a wata ƙasa, 'yan watanni za ta yi a titinmu ta zama shara. Ku leƙa inda tireloli ke yada zango, irin su Mararrabar Jos da Tafa da Potiskum, ku ga abin da ke jibge a bayan rumfuna. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta cewa taya kimanin biliyan ɗaya ke gama aiki duk shekara, kuma waɗanda suka bar nasu suka taru sun ɗanɗana kuɗarsu. A garin Hagersville na Kanada, tayoyi miliyan 14 suka kama da wuta a watan Fabrairun 1990, aka yi kwana 17 ana fama. A Kuwaiti, juji guda a Sulaibiyya ya tara sama da miliyan 40, gobara tana tashi a kai a kai, sai a 2021 aka kwashe shi. Namu bai kai nan ba domin mu a warwatse muke ƙona shi, unguwa-unguwa, kowa ya shaƙi rabonsa.

Sai kukan da ya fi shafar sana'ata, wato yashi. Kuɗin tifa ɗaya a yau, da can tifa da yawa yake saye. Masu ɗiba a Challawa da Wudil da sauran koguna kullum ƙara nutsawa suke yi, gaɓa tana zaizayewa, manoman bakin kogi suna kuka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ɗan Adam na ɗibar yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 a shekara. Ga abu muna haƙowa har muna ɓata ƙasa, ga wani kuma muna ƙonawa har muna ɓata iska, kuma masana sun nuna cewa na biyun yana iya maye gurbin wani ɓangare na na farkon. A nan ne maganar garin taya a cikin kankare ta shigo, kuma a nan nake roƙon ku ɗan ba ni lokaci, domin magana ce mai baki biyu.

Yadda ake yi shi ne a yanke gefen tayar inda waya ta fi kauri, a sa ta a injin da zai daddatsa ta, a ja ƙarfen da maganaɗisu, a busa zaren ya fita, a tankaɗe robar. Mai girman tsakuwa daban, mai laushin yashi daban. Daga nan sai a rage yashi ko tsakuwa a kwaɓin kankare a cike gurbin da ita. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1993 wasu injiniyoyi biyu a Amurka, Eldin da Senouci, suka buga sakamakon gwajinsu, kuma abin da suka samu shi ya kamata kowane mai sha'awar wannan aiki ya fara haddacewa. Da suka cire tsakuwa gaba ɗaya suka sa roba, ƙarfin ɗaukar nauyin kankaren ya faɗi da kusan kashi 85 cikin ɗari. Da yashin suka maye gaba ɗaya da garin roba, ya faɗi da kashi 65. A 1999 wasu masu binciken, Khatib da Bayomy, suka ba da shawarar kada robar ta wuce kashi 20 cikin ɗari na yashi da tsakuwar da ke kwaɓin.

Dalilin faɗuwar ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe shebur. Siminti yana kama yashi da tsakuwa ya zama jiki ɗaya da su, amma da roba zaman doya da manja suke yi. Roba ba ta shan ruwa, iska tana maƙalewa a jikinta, sai a sami ɗan rata tsakaninta da simintin. In nauyi ya danno, dutse tsayawa yake yi ya ɗauki rabonsa, ita kuwa lotsawa take yi, ta bar wa simintin da ke kewaye da ita dukkan wahalar. Ga ta kuma da rashin nauyi. Yashi ya ninka ta fiye da sau biyu, shi ya sa in kwaɓin ya yi ruwa aka kuma girgiza shi da yawa, sai ta taso sama.

Wannan na gani da idona. Ɗan yayana da ke karatun injiniya ya zo wajena yana neman inda zai yi kwaɓin aikinsa na kammala makaranta. Muka samo ɓarɓashin roba wajen masu gyaran tayar manyan motoci, muka zuba 'yan curi-curin gwaji masu faɗin santimita 15, wasu zalla, wasu da roba kaɗan, wasu da yawa. Kwaɓin farko ya ba mu kunya, domin yarona ya sake wa ruwa hannu, robar ta taru a sama kamar ƙuda a kan fura. Muka zubar muka sake. Aka jiƙa su a ruwa kwana 28 kamar yadda ƙa'ida ta ce, na bi shi ɗakin gwaji don in kashe ƙwarƙwatar idona. Curin da babu roba ya daɗe yana gardama da injin, sannan ya fashe da ƙara, ɓaraguzai suka watse. Mai robar bai kai ko kusa da shi ba wajen juriya, amma bai tarwatse ba. Ya tsattsage, ya kumbura ta gefe, ya tsaya a haɗe, har ana iya ɗaukarsa da hannu. A ranar na fahimci abin gaba ɗaya. Kankaren roba rago ne wajen ɗaukar kaya, amma yana da haƙurin duka.

Wannan haƙurin shi ne amfaninsa. Yana shanye bugu da girgiza, ba ya saurin ɓantarewa, ya fi sauƙin ɗauka, yana rage ƙara, kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri kamar kankare zalla. Turawa suna yabonsa da jure ƙanƙara, wannan kam ba matsalarmu ba ce. Ana kuma iya rage masa raunin. Wasu suna jiƙa garin robar a ruwa kwana guda kafin kwaɓi, wasu suna wanke shi da ruwan soda irin ta masu sabulu, wasu suna fara lulluɓe shi da siminti ya bushe. A Ostareliya, Jami'ar Kudancin Ostareliya da Jami'ar RMIT sun zuba daɓen gwaji a harabar Mawson Lakes a 2018, da kankaren da aka maye har kashi 20 cikin ɗari na yashinsa da garin taya, suka yi shekaru suna sa masa ido kafin su ce ya dace da daɓen gidajen zama. A 2022 kuma masu bincike a RMIT suka ba da sanarwar sun maye tsakuwa gaba ɗaya da roba, ta hanyar matse ɗanyen kwaɓin a cikin mazubin ƙarfe na musamman.

Ranku ya daɗe, wannan labari na ƙarshe shi ne ya fi ba ni tsoro, domin irinsa ne ke yawo a waya babu kai babu gindi. Mutum zai karanta cewa an yi kankare da taya zalla, ba zai karanta maganar mazubin ƙarfe da matsi da ɗakin gwaji ba. Kwanakin baya wani ɗan kwangila ya same ni da buhunan ɓarɓashin roba, ya ce in zuba masa a bulo mai inci tara, zai tayar da bene ne, wai fasahar zamani ce kuma ginin zai yi sanyi. Na tambaye shi kashi nawa, ya ce in dai zuba yadda ya samu. Na ce ya yi haƙuri. Ya kwashe buhunansa ya yi gaba, kuma ba ni da shakka ya sami wanda ya buga masa.

Ku dubi halin da bulonmu yake ciki tun kafin roba ta shigo. Ƙa'ida mai lamba NIS 87 ta hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sa mafi ƙarancin ƙarfin bulo tsakanin niyuton 2.5 da 3.45 a kan kowace murabba'in milimita, gwargwadon aikin da zai yi. Ni ɗan sana'a ne, ba zan ɓoye ba: da yawa daga cikinmu suna matsa wa buhun siminti ɗaya ya haifi bulon da ya kusa ninka abin da ya kamata, a shayar da shi ruwa kwana ɗaya ko biyu a loda a mota. Irin bulon nan da yatsa kana iya murmushe gefensa. Mai saye ma araha yake bi. To a kan wannan raunin a ƙara roba ba awo? Ba mu manta da benen da ya rufta a titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022 ba, ko makarantar da ta faɗo wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024, inda aka rasa rayuka 22. Ba roba ce ta kayar da su ba, amma sun isa su tuna mana cewa gini ba ya yafe ganganci. Akwai kuma maganar gobara. Roba ko a cikin siminti take roba ce, in wuta ta yi tsanani za ta ƙone ta bar ramuka, ta kuma fitar da hayaƙi a ɗakin da mutane ke neman hanyar fita.

Saboda haka ra'ayinmu a fili yake. Garin taya ya shiga inda kankare ke shan duka da rana amma ba ya ɗauke da ran kowa: intalok na hanyar masu tafiya a ƙasa, dutsen gefen titi, shingen tsakiyar hanya da mota ke buga wa, daɓen filin wasan yara, farfajiyar makaranta da ta asibiti. Kada ya kusanci fandisho, ko fila, ko linta, ko dakin ɗin bene, ko murfin kwalbatin da mota ke takawa, sai ranar da injiniyoyinmu suka gwada da yashinmu da simintinmu da zafin ranarmu suka sa hannu.

Mun ɗan yi lissafi don kada mu yi muku zancen iska. Mita ɗaya ta kankare, tsawo da faɗi da zurfi, tana cin yashi wajen kilo 700. In aka cire kashi 10 cikin ɗari na awon yashin, robar da za ta cike gurbin ba ta wuce kilo 30 ba, wato abin da ƙananan tayoyin mota huɗu ko biyar za su bayar bayan an cire waya da zare. Hanyar ƙafa mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin mita 2, da intalok mai kaurin santimita 6, za ta haɗiye taya 500 zuwa 600. Ba zai share dukkan juji ba, kuma ba za mu ce zai share ba. Kwalta ta fi kankare cin roba. Tun shekarun 1960 wani injiniya mai suna Charles McDonald ya fara haɗa garin taya da kwalta a birnin Finiks na Jihar Arizona, wuri mai zafi kamar namu, kuma har yau ana shimfiɗa irinta a can. A ƙasashe da dama kuma masana'antun siminti suna amfani da taya a matsayin makamashi a tandun da zafinsa ke kai maki 1,450, inda take ƙonewa ƙurmus ba irin ƙonawar bakin titi ba. Muna da masana'antun siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana. Amma mu abin da muka sani shi ne bulo da kankare, a kansa za mu tsaya.

Wata gaskiyar da masu tallar wannan fasaha ba sa son faɗi ita ce garin taya ya fi yashi tsada. Yashi ɗiba ake yi, taya kuwa sai an tara ta, an yi dakonta, an niƙa ta da injin da ke shan wuta. In aka bar wa kasuwa, babu mai bulon da zai saya. Ribar tana wajen gwamnati ne, a kuɗin yasar lambatu da na magani da ba za a kashe ba. Shi ya sa muke ganin ku ne ya kamata ku fara zama masu saye.

Ga abin da muke roƙo.

Ku ware wurin karɓar tsohuwar taya a kowace ƙaramar hukuma ta cikin birni da kowane zangon manyan motoci, mai katanga, nesa da gidaje, a riƙa jera su ƙananan tuli da tazara a tsakani saboda gobara, kuma a riƙa biyan wanda ya kawo, ko yaya kuɗin yake. Ranar da 'yan jari-bola suka ji taya tana da farashi, ba za ku sake tsamo ko ɗaya a lambatu ba. Haka suka yi wa ƙarfe da gwangwani ba tare da kowa ya kafa kwamiti ba.

Ku ba sassan injiniyan gine-gine na jami'o'inmu aikin gwaji da kuɗinsa. Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da ta kimiyya da ke Wudil, da Kwalejin Fasaha ta Kaduna, duk suna da malamai da ɗalibai da injin matse kankare. Ɗalibai irin ɗan yayana suna ta yin wannan gwaji, a ba su maki, a ɗaure littafin a ajiye a kanta ƙura ta rufe. A tattaro waɗannan, a haɗa kai da cibiyar NBRRI, wadda tun 1978 aka kafa ta domin binciken gini da hanya, a fitar da awo guda da ya dace da mu. Sannan ku kai wa hukumar SON da majalisar injiniyoyi ta COREN buƙatar rubutacciyar ƙa'ida, kashi kaza a aiki kaza. Muna so a fassara ta da Hausa, da awon kwanon sarki da baro, domin wanda zai kwaɓa ba da sikeli yake aiki ba.

Kafin ƙa'idar ta fito, ku sa hukumomin tsara birane su fitar da sanarwa a rediyo cewa an hana zuba roba a duk wani sashen gini mai ɗaukar nauyi. Duk bulo ko intalok mai roba kuma a sa masa launi ko hatimin da ko yaro zai gane, don kada a sayar wa mai gina ɗakin aure da shi a matsayin bulo zalla. Wannan roƙon ba ya cin ko kwabo, kuma shi ya fi gaggawa.

Ku zaɓi titi ɗaya a kowace jiha cikin waɗanda za ku yi a kasafin baɗi, a shimfiɗa rabin hanyar ƙafarsa da intalok mai roba, rabi da na gargajiya, a kafa allo a rubuta ranar da aka yi da awon da aka zuba. A bar shi ya sha damina biyu da bazara biyu, a auna, a faɗa wa jama'a sakamakon ko da bai yi daɗi ba. In ya ci jarrabawa, sai a sa sharaɗi a takardun kwangila cewa wani kaso na intalok da dutsen gefen titi ya zama mai roba. Da wannan sharaɗin ne mai jari zai yarda ya kafa injin niƙa. A Ibadan akwai kamfanin Freee Recycle, wanda a da ake kira Freetown Waste Management Recycle, da ke mayar da tsofaffin tayoyi tubalan daɓe na roba, don haka ba abin da ya gagari ɗan Najeriya ba ne. Mu kuma ga rumfunan masana'antu a rufe a Sharaɗa da Challawa da Bompai, da irinsu a Kakuri ta Kaduna.

Game da inda kuɗi zai fito, hanyar da aka sani ita ce mai shigo da taya ya biya wani abu kaɗan na kwashe ta in ta mutu. Wannan magana ce ta tarayya, amma ku ne kuke zama a majalisun ƙasa na ayyuka da na muhalli, ku kai ta can. Sai dai a yi hattara. Afirka ta Kudu ta sa harajin rand 2.30, kuɗin ƙasar, a kan kowane kilo na taya, kuɗi suka taru, amma a 2017 tsarin ya faɗa rikicin kotu tsakanin gwamnati da masu tafiyar da shi. In za a karɓa, a bayyana nawa aka karɓa da taya nawa aka niƙa, duk wata uku. Tarayyar Turai kuwa sai da ta ba da wa'adi: ta hana binne taya sukutum a juji daga 2003, daddatsattsiya daga 2006. Mu ma a fara buɗe wurin kaiwa, sannan a tsananta hukunci.

Dattijon nan mai takalmin taya ya ce lallai in sa maganarsa, kuma na ga tana da nauyi. Ya ce kafin Bature ya yi tunanin niƙa taya, su sun daɗe suna cin abinci da ita. Takalmin manomi da na makiyayi, gugar rijiya, igiyar ɗaure kaya a babur, mazubin abincin dabbobi, bakin rijiyar da aka kafa wa taya don kada ya zube, duk daga hannunsu suke fitowa. Tsoronsa shi ne a wayi gari an ba wani babban kamfani ikon kwashe tayar gari kaf, su kuma a kira su masu laifi. Muna roƙon a bar su su fara zaɓar abin da zai yi musu aiki a wuraren tarawa, ragowar yankan da suke zubarwa kuma a saya a hannunsu, domin ita ce ta fi sauƙin niƙa. Mahauta ma kada a tsaya a kan kame. A gina musu murhun gas na haɗaka a mayanka, su riƙa biya kan kowane kai, sannan a hana wutar taya.

Mu masu bulo a shirye muke mu ba da filinmu da injinmu da hannunmu kyauta don buga intalok na gwajin farko, in dai injiniya zai tsaya a kai ya ba da awo, ya kuma ɗebi samfuri ya kai ɗakin gwaji. Muna roƙon sanarwar hana zuba roba a ginshiƙi ta fito tun kafin wannan damina ta wuce, wurin tara tayoyi kuma ya samu kafin yasar lambatu ta baɗi.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa ku gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani mai buga bulo a Kano, a madadin abokan sana'arsa da maƙwabtansa masu faci.